Ciyayyar Ƙofar Gidan Malam Ishaya

Kaduna,
6 ga Yuni, 2023

Yaya Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya Dudu da yara, yaya kuma damina? Mu nan lafiya lau muke, sai dai aikin asibiti da ya yi mana yawa. Maigidana Enoch yana gaishe ka.

To, gaisuwa ta ƙare. Mako uku ke nan ina kiran wayarka ina jin ta a kashe. Shi ya sa na koma biro da takarda, na ba Surajo direban motar kifi ya kawo maka hannu da hannu, in ga ta inda za ka kashe wannan. Jiya matarka Dudu ta hau tudun da sabis ya fi ƙarfi ta kira ni tana kuka. Ta ce ta je jiƙa yashin tukunyar da ake ajiye maka allurar suga, sai ta tarar da kwalaben da na aiko farkon watan jiya a cike, ba a taɓa su ba. Ta ce kullum da safe kana shiga ɗaki ka turo ƙofa, ka ɗan jima, ka fito kana murza ciki kamar ka yi. Yaya, kai ne da wannan wasan yara? Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana hedimasta, yana zane 'ya'yan mutane a kan ƙarya?

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba labari ake ba ni ba. Kullum ina ganin ƙarshen masu irin wannan taurin kan. Wani ido ne ke tafiya, wani ƙoda, wani kuma a yanke masa ƙafa yana ji yana gani. Bara da aka gano maka ciwon nan, na bar aikina na zo har gida, na zauna na rubuta doka goma sha biyu da hannuna, na manna a bangon tsakar gida don kowa ya san abin da za ka ci da abin da ba za ka ci ba. Dudu ta bi, yara sun bi, maƙwabta ma sun bi. Kai kaɗai da ake yi domin kai ne ka ƙi.

Ka kunna wayarka, ka koma kan allurarka. Raina a ɓace yake ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Ƙanwarka,
Lydia

Tungar Baƙo, ta Wara,
12 ga Yuni, 2023

Lydia autar Inna,

Na amsa gaisuwa, ki gaishe da Enoch. Ruwa ya sauka, an yi shuka, tafki ya ja baya yadda ya saba a wannan lokaci. Dudu da yara suna lafiya. Ni kuma ga ni nan.

Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman inda kika tambaye ni dalili, ban samu ba. Dudu gaskiya ta faɗa miki, ba na yin allurar. Waya kuwa ni na kashe ta da hannuna, don duk wanda ya kira ni tambayarsa ɗaya ce: nawa suga ya nuna yau? Ke ma haka kike yi. Ko "ina kwana" ba kya ƙarasawa sai ki ce in karanto miki lamba.

Takardarki tana nan daram a bango, kada ki damu. Dudu ta sa mata leda saboda ruwan sama. Yadda ake tsoronta a gidan nan, ko ni da nake hedimasta da bulala a hannu ba a ji tsorona haka ba. Kullum sau uku ana miƙo mini kwanona a bakin ɗaki, zogale da wake da ɗan tuwon alkama, ina ci ban taɓa cewa uffan ba. Don haka maganar wai na ƙi bin doka, ki janye ta.

Na gaji ne, Lydia. Ba na jin daɗin komai. Rediyon da kika san ba na rabuwa da shi, yau wata biyu ban murɗa shi ba. Abin da nake kewa shi ne tuwon magariba na ƙofar gida. In kin gane, kin gane.

Yayanki,
Ishaya

Kaduna,
19 ga Yuni, 2023

Yaya,

Ina fata kowa lafiya. Mu ma lafiya.

Tuwo! Ashe a kan tuwo ne duk wannan tashin hankalin? Na zaci wani babban abu ne, har na kasa cin abinci kafin amsarka ta iso. Dattijo mai shekara sittin da ɗaya, mai jikoki, ya ajiye maganin da ke riƙe da ransa saboda an hana shi tuwon shinkafa da miyar kifi. In na faɗa wa abokan aikina wannan, dariya za su yi mini. Inna ta sha faɗa cewa tun kana yaro ba a iya maka a kan kwano, ashe har yau halin yana nan.

Ka ce ka gaji. Wa bai gaji ba? Ni da nake tsaye daga safe har yamma a kan marasa lafiya ban gaji ba? Dudu da ke ɗora tukunya biyu kullum saboda kai ba ta gaji ba? Kai kam kana zaune a inuwa ana kawo maka. Ka yi wa Allah godiya, akwai waɗanda ko mai dafa musu zogalen ba su da shi.

Tun da na ga inda hankalinka ya karkata, na kira Yaya Muhammadu ɗan Baffa na sake ja masa kunne, shi da Elijah da sauran abokan zamanka. Ya rantse mini cewa ko loma ɗaya ba su taɓa ba ka ba, kuma ba za su bari ka ga kwanonsu ba. Na gode masa. Ga garin alkama kwano biyar nan wurin Surajo. In ka ga dama ka ci gaba da fushi da ni, amma ka yi allurarka kana fushin.

Lydia

Kaduna,
11 ga Yuli, 2023

Yaya Ishaya,

Ina gaisuwa. Sau uku ke nan Surajo yana dawowa daga Wara ba tare da amsarka ba. A zuwansa na ƙarshen nan ya ce ya same ka zaune a bayan rumbu, ka karɓi saƙo ba ka ko ɗaga kai ba, kuma ka rame har rigarka ta yi maka yawa. Dudu ta ce ka bar zuwa coci, gona ma sai yara. Ta ce wani lokaci sai ta yi maka magana sau uku kafin ka amsa.

In maganata ce ta yi zafi, ai ka san bakina tun ina yarinya. Ka zage ni a takarda in kana so, zan karanta. Shirun nan ne ba na iya ɗauka. Tsoro nake ji, Yaya.

Lydia

Tungar Baƙo,
16 ga Yuli, 2023

Lydia,

Na amsa gaisuwa. Jiki ba daɗi. Ƙishirwa ba ta barina, fitsari ba iyaka, idona kuma yana yin hazo, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Na yi niyyar kada in sake rubuta miki komai. Kin mai da ni makwaɗaici a gaban Muhammadu, kin tono maganar Inna da ke kwance a kabarinta don ki ci mini fuska. Amma tun da kin ce in zage ki, to zauna ki ji.

Kin daɗe a birni har kin manta abin da ake yi a ƙofar gidan da aka haife ki. Shekara talatin da ɗaya, kullum bayan magariba ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana. Muhammadu ya idar da sallarsa ya fito da kwanonsa, Elijah ya ɗaure kwalekwalensa ya zo da nasa, James ya kawo nasa, ni ma a fito da nawa, kowa ya tura tsakiya a ci tare. A kan tabarmar nan ake sa ranar gayya. A kanta ake raba rigimar iyakar gona kafin ta kai gaban mai gari. A kanta aka yanke maganar aurenki da Enoch, ke ba ki ma sani ba. Wannan ciyayyar ita nake nufi da tuwon magariba. Ke kuma kika ɗauka shinkafa nake yi wa kuka.

Je ki tuna dokarki ta bakwai: "Kada a ci abin da aka hana shi a gabansa." Na san tausayi ne ya sa kika rubuta. To amma a garin nan wa ya taɓa buɗe kwano a gaban mutum bai ce masa bisimilla ba? Kuma wa zai ce bisimilla ga wanda Likita ta ce abincin zai kashe shi? Likita suke kiranki, in ba ki sani ba, kuma maganarki ba a tsallake ta. Kwana uku da tafiyarki bara, na fito da kwanon zogalena na tarar ba tabarma. Sun naɗe ta sun koma bayan gidan Muhammadu. Daga inda nake zaune ina jin dariyar Elijah, ina jin ƙarar murfin kwano, ba wanda ya leƙo.

Na tare Muhammadu a hanyar gona na tambaye shi laifin da na yi musu. Ya kasa kallon idona. Ya ce, "Malam, wallahi kunya ce. Mi za mu yi? In munka ce ka sa hannu mun kashe ka, in munka yi shiru muna ci kana kallo mun zama karnuka. Likita tac ce a ɓoye maka, shi ya sa munka ɓoye."

Sai dokarki ta tara: "Kada kowa ya kawo masa komai." Wa kika taɓa gani ya je dubiya hannu rabbana? Matar Elijah ta zo da ƙwaryar fura da ayaba. Dudu ta tare ta a zaure ta nuna mata takarda. Baiwar Allah ta koma gida da ƙwaryarta a ka, a gaban mutane, kamar wadda aka kora. Labari ya zaga gari. Tun daga ranar ba wanda ya sake zuwa duba ni, don ba su san abin da za su riƙo ba. Dudu kanta a madafa take cin abincinta a tsaye, ta goge baki kafin ta fito, kamar ta yi sata. Shekara guda ke nan ban ci abinci da ɗan Adam ba.

Da farko fushi nake yi. Daga baya fushin ma ya tafi, wani abu mai nauyi ya zauna mini a ƙirji. Gari ya waye in rasa dalilin tashi. Wanka ya zama aiki. Na je wurin fasto, ya ce in ƙara addu'a. Na ƙara, nauyin bai motsa ba, sai na fara jin kunyar shiga coci, ina ganin ko bangaskiyata ce ta yi ƙaranci. Ga tsoron ciwon kansa: kowace ƙaya ta soke ni sai in ce shi ke nan, ƙafar ta tafi, don abin da kika fi gaya mini ke nan.

Kin ce in yi allura. Ban bar ta don mantuwa ba, ba kuma don in ba ki haushi ba. Zama na yi na duba, na ga allurar kwanaki take ƙara mini, kwanakin kuma irin waɗannan ne. Sai na ga ba na bukatar ƙari.

Kin tambayi lambar sugana sau ɗari. Ko sau ɗaya ba ki taɓa tambayata da wa na yi hira yau ba. Sannan da na buɗe baki na ɗan faɗa, kika ɗauki waya kika gode wa Muhammadu saboda ya guje ni. Wannan godiyar ta fi komai yi mini ciwo.

Ishaya

Kaduna,
20 ga Yuli, 2023

Yayana,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Na karanta wasiƙarka a ɗakin hutunmu na asibiti, na fita bayan gini na yi kuka har wata abokiyar aikina ta biyo ni. Haushin kaina nake ji. Kowane mako ina zaunar da masu ciwon suga ina tambayarsu yadda zuciyarsu take, ko suna barci, ko suna da abokin hira. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya kuwa na bar shi da takarda a bango. Ka yafe mini maganar Inna, ka yafe mini godiyar nan.

Amma kai ma sai na faɗa maka naka. Shekara guda kana cikin wannan hali, abin da ka iya rubuto mini shi ne "in kin gane, kin gane"? Ni boka ce? Su Yaya Muhammadu kuwa, manyan mutane da gemu, sun zaɓi su bar ɗan'uwansu shi kaɗai a kan su tambaye ni yadda za a yi. Wace irin kunya ce wannan? Na rubuta masa tasa wasiƙar daban, kuma ban sassauta masa ba.

Nauyin da kake ji a ƙirji yana da suna, ciwon damuwa ne. Yana yawan tafiya tare da ciwon suga, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Ba ragwanci ba ne, ba ƙarancin bangaskiya ba ne, kuma ana maganinsa. Maganar da ka yi ta cewa ba ka bukatar ƙarin kwanaki ban ɗauke ta wasa ba. Na riga na kira Dudu na ce kada a bar ka kai kaɗai. In wani tunani ya zo maka na yi wa kanka wani abu, ka faɗa mata a take, ko ka kunna wayar nan ka kira ni ko ina bakin aiki.

A cire takardar nan a sa a murhu. Tuwon dawa ko na gero ba zai kashe ka ba in ka tsaya a kan misalin dunƙulen hannunka, ka cika da miyar ganye da kifi. Mai son zuwa dubiya ya riƙo gyaɗa, ko yalo, ko bandar kifi. Da ma abin da ya kamata in rubuta ke nan tun bara. Kafin ka koma kan allura ka je asibiti a gwada ka, a duba kwalaben ko sun lalace, kada ka soma da ka. Na samu hutu daga sha biyu ga Agusta. In na zo zan kai ka wurin likitan da ke duba irin wannan damuwar, ko kana so ko ba ka so.

Ni ina bukatar kwanakinka, Yaya, ko da kai ba ka ganin amfaninsu yanzu.

Ƙanwarka,
Lydia

Tungar Baƙo,
29 ga Yuli, 2023

Lydia,

Gaisuwa gare ki da Enoch da yara. Dawa ta yi kyau bana, tafki ya fara dawowa. Dudu tana gaishe ki, ko da yake sai da ta sake hawa tudu ta ji daga bakinki kafin ta yarda a taɓa takardar nan. Ta ce rubutu kowa yana iya yi.

Ban san abin da kika rubuta wa Muhammadu ba, amma kwana biyu ya yi yana kumbure-kumbure, yana cewa yarinyar da ya goya ce za ta kira shi matsoraci. Ranar Litinin bayan magariba sai na ji ana kakkaɓe tabarma a ƙofar gida. Na ƙi fita. Ya yi sallama sau uku, daga ƙarshe ya shigo har bayan rumbu ya ce, "Tashi, Malam. In ba ka hito ba, nan za mu kawo kwanonin, kaji su taya mu."

Na fita. Kada ki zaci abin ya yi kyau. Aka buɗe kwanoni, ba mai son ya zama shi ne ya fara cewa bisimilla. Da na miƙa hannu kuwa, ido shida suka bi hannun har bakina. Elijah ya dunƙule hannunsa yana aunawa da tuwon, yana tambaya wai dunƙulen wa ake nufi, nawa ko na Likita, don naki ƙarami ne. Raina ya ɓaci. Na ce musu shekara guda sun bar ni kamar kuturu, yanzu kuma sun zo su ƙirga mini loma, in kallo suka zo yi su tashi su ba ni wuri. Na faɗa musu maganganu da yawa, wasu ma ba su dace da tsohon malami ba. Ba wanda ya tashi. James ya sunkuyar da kai ya ce sun yi kuskure. Can sai Muhammadu ya kawo maganar ranar gayyar gonar Elijah, ya sa ta ranar kasuwar Wara. Na ce wane mai hankali ne ke sa gayya ranar kasuwa? Muka yi ta musu har tuwo ya huce. Na ci nawa daidai yadda kika ce, ko ƙasa da haka.

Ba zan yi miki ƙarya in ce na warke ba. Da safe nauyin nan yana nan, wata rana har hantsi ban iya tashi ba. Jiya ma ana tsakar hira na ji hawaye yana zubo mini ba dalili, suka yi kamar ba su gani ba. Maganar likitan damuwa da kika yi, zan je, amma ke za ki fara shiga, don ban san yadda ake fara irin wannan bayani ga baƙo ba.

Shekaranjiya Muhammadu ya ɗauke ni a babur ya kai ni asibiti. Lambar da ta fito ba zan rubuta miki ba, kin ji ta isa haka. Ma'aikacin ya yi mini faɗa irin naki, ya duba ƙafafuna da idona, ya ce in dawo bayan mako guda. Kwalba biyu ya ce sun lalace, ya zubar. Ɗaya ce ta tsira, da ita na fara, kuma yanzu a tsakar gida nake yi Dudu tana kallo.

Na auna abin da ke cikinta, ba zai wuce kwana tara ba, ke kuma sai sha biyu ga wata za ki iso. Kada ki jira zuwanki. Ki ba Surajo wata ya taho da ita a wannan makon, ki ce ya sa ta cikin ƙanƙara, kada ya ajiye ta kusa da inji. Ba na son ta yanke mini ko na kwana ɗaya.

Yayanki,
Ishaya